Tarihin Kare Ma'aikatan Lafiyar Dabbobi daga Haɗurran Sana'arsu

Aikin lafiyar dabbobi ya sha bamban da aikin lafiyar mutane ta wata fuska da ta shafi rayuwar ma'aikacin kansa, domin majinyacin da ake kawo masa bai san cewa taimakonsa ake nufin yi ba, kuma sau da yawa ya fi mai duba shi nauyi da ƙarfi nesa ba kusa ba. Bijimi ko doki, idan zafin ciwo da tsoro suka haɗu masa, da abin da Allah ya hore masa zai kare kansa, ko ƙaho ko kofato ko haƙori, ba ruwansa da niyyar wanda ya tunkare shi. Bayan wannan rauni na zahiri akwai cututtukan da suke tsallakawa daga dabba zuwa mutum ta jini ko majina ko ruwan haihuwa, sannan zamani ya ƙaro haɗarin kayan aikin kansu, irin su allura da magunguna masu ƙarfi. Waɗanda ake nufi da ma'aikatan lafiyar dabbobi a nan sun haɗa da likita da malamin dabbobi da masu yin allura da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da masu duba nama a mayanka, har da leburan da yake riƙe igiya. Abin da tarihin sana'ar yake nunawa shi ne, kariyar da waɗannan mutane suka samu ta zo a makare, kuma akasarinta ta biyo bayan ƙoƙarin ceton dukiya ne ko tausaya wa dabba, kafin a kai ga ɗaukar lafiyar ma'aikaci a matsayin haƙƙi mai zaman kansa.

Tun kafin a buɗe makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya, makiyaya da masu dawaki ne suke riƙe da ilimin kame dabba, kuma a ƙasar Hausa ana ganin zurfin wannan ilimi a yawan kayan da aka tanada dominsa. Akwai dabaibayi, wanda ake haɗe ƙafafun gaba da shi, da tarnaƙi, wanda yake haɗa ƙafar gaba da ta baya, da ragama da linzami na doki, da akalar raƙumi, da takunkumi na hana cizo. Mai tatsar saniya mai shuri yakan ɗaure mata ƙafafun baya, ya kuma kusanto da ɗan maraƙinta don hankalinta ya kwanta, kuma idan za a kayar da sa domin dandaƙa ko lalas, mutane da yawa ne suke haɗa hannu, wani a ƙaho, wani a ƙafa, wani a wutsiya, kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai saki. Wannan ilimi na gaske ne, ya kuma ceci rayuka da yawa, amma ya dogara ne kacokan ga ƙarfin mutum da gogewarsa, kuma ya tashi a cikin al'ummar da take girmama jarumtaka a gaban dabba mai faɗa, kamar yadda ake gani a al'adar hawan ƙaho ta mahauta, inda saurayi yake tunkarar sa a bainar jama'a. A irin wannan tunani, wanda saniya ta soka ko doki ya harba, tsautsayi ne ya same shi ko kuwa sakaci ya yi, kuma ba a cika tambayar ko akwai wani tsari da zai hana hakan sake aukuwa ba. Maƙeran takalman dawaki na Turai, waɗanda su ne masu maganin dawaki a can kafin zuwan likitoci, su ma a kan wannan tunani suka rayu.

Makarantar farko ita ce wadda Claude Bourgelat ya sami izinin kafawa a birnin Liyon na Faransa a shekarar 1761, aka bi ta da ta Alfort kusa da Faris bayan 'yan shekaru, sannan aka buɗe ta Landan a 1791. Dalilin kafa su a bayyane yake: annobar shanu tana cinye arzikin manoma, rundunonin sarakuna kuma ba sa motsi sai da dawaki. Saboda haka doki ne ya mamaye karatun, kuma daga doki ne cutar da ta fi kowace kashe ma'aikatan farko ta fito, wato cutar majinar dawaki da Turawa suke kira gilandas, wadda take fitar da gyambo a hanci da huhu da fatar doki da jaki da alfadari. Idan majinar dokin da ya kamu ko mugunyar gyambonsa ta taɓa ƙujewa a hannun mutum, ko ta fantsama masa a ido, cutar takan shige shi, kuma kafin samun magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan ne daga waɗanda ta kama da zafi suke tashi. Malamin farko na makarantar Landan, Charles Vial de St Bel, ya rasu a 1793, shekara biyu kacal da kafa ta, kuma masana tarihi da dama suna danganta ajalinsa da wannan cuta.

Abin takaici a wannan babi shi ne daɗewar da aka yi ana musu. A farkon ƙarni na 19 manyan malamai da yawa a Alfort sun tafi a kan cewa nau'in cutar mai jan lokaci ba ya yaɗuwa, don haka ɗalibai da masu kula da barga suka ci gaba da sa hannu tsirara a hancin dawaki da feɗe mushensu ba tare da wani shamaki ba. Sai da John Elliotson ya bayyana cutar a jikin mutane a Landan a 1830, sannan Pierre Rayer ya tabbatar a Faris a 1837 cewa daga doki take zuwa, kafin ra'ayi ya fara juyawa. A 1882 Friedrich Loeffler da Wilhelm Schütz suka ware ƙwayar cutar a Jamus, kuma a wajajen 1890 wasu likitocin dabbobi biyu a daular Rasha, Kalning da Helman, suka samar da maleyin, wani ruwa da ake tacewa daga ƙwayar, wanda idan aka yi wa doki allurarsa zai kumbura ya yi zazzaɓi in yana ɗauke da cutar a ɓoye. Kalning ya kamu da cutar a wurin wannan bincike, ta kuma yi ajalinsa a 1891. Bayan shekara ashirin, wani likitan dabbobi ɗan Birtaniya mai aiki a Lahor, S. H. Gaiger, ya kamu da ita, aka yi ta yi masa tiyata har ta kai ga yanke masa hannu, ya kuma rubuta bayanin jinyarsa dalla-dalla domin amfanin abokan aikinsa. Duk da haka, abin da ya raba ma'aikata da wannan bala'i shi ne gwajin maleyin da dokar kashe duk dokin da aka samu da cutar, wanda ya kai Birtaniya ga rabuwa da ita a 1928. An yi wannan domin dawakin soja da na sufuri, sai ma'aikacin ya tsira a sanadiyyarsu.

Ciwon saifa ya koyar da darasi na daban, wanda ya shafi mushe. Bayan Robert Koch ya bayyana rayuwar ƙwayar cutar a 1876, aka fahimci cewa idan jinin dabbar da ta mutu ya haɗu da iska, ƙwayar takan rikiɗe ta yi wa kanta ɓawo mai tauri da zai iya zama cikin ƙasa shekaru gommai. Daga nan ne aka sami ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin kariya na sana'ar, wato dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, sai dai a ɗebi ɗan jini a jijiyar kunne a kai ɗakin gwaji, a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi. Rigakafin da Louis Pasteur ya gwada a bainar jama'a a kan tumaki a 1881, da wanda Max Sterne ya inganta a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, sun rage yawan dabbobin da suke kamuwa, amma ƙa'idar tana nan daram, kamar yadda aka sake jaddada ta lokacin da cutar ta ɓulla a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023. A ɓangaren ciwon haukan kare kuwa, wani malamin makarantar Liyon, Pierre-Victor Galtier, shi ya nuna a 1879 cewa ana iya sa cutar ga zomo, abin da ya share wa Pasteur hanyar rigakafinsa na 1885. Sai dai rigakafin farko mai wahala ne, kuma bayan cizo ake yin sa. Sai a shekarun 1970 aka sami allura mai sauƙin illa da za a iya yi wa ma'aikaci tun kafin kare ya cije shi.

Cutar da ta fi zama ta likitocin shanu a ƙarni na 20 ita ce bakkale, wadda take sa saniya ɓari, ta kuma kumbura mata gwiwa. David Bruce ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887 a jikin sojojin da zazzaɓi ya kashe, Bernhard Bang kuma ya gano wadda take haddasa ɓarin shanu a Denmak a 1897, amma an ɗauki shekara ashirin ana ganin cututtuka biyu ne daban, har sai da Alice Evans ta Amurka ta nuna a 1918 cewa ƙwayoyin 'yan gida ɗaya ne. Ita ma ta kamu da cutar a ɗakin gwaji a 1922, ta yi fama da ita kusan shekara ashirin. Hanyar kamuwar likita a fili take, domin shi ne yake zura hannu har kafaɗa a jikin saniya don juya ɗan da ya karkace ko ciro mabiyiyar da ta ƙi faɗowa, kuma a wannan ruwa ne ƙwayar ta fi yawa. A jikin mutum cutar ba ta cika kisa ba, amma tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da kasala, kuma a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, abu ne mai sauƙi a yi ta shan maganin da ba nata ba. Doguwar safar hannu ta roba mai kaiwa kafaɗa, wadda ake yarwa bayan aiki ɗaya, ita ce ta rage wannan haɗari. Amma rigakafin da aka samar wa shanu, wanda aka sani da lamba 19, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, don haka ma'aikacin da maraƙi ya fizge masa hannu allura ta soke shi, ko ruwan ya fantsama masa a ido, zai iya kamuwa da cutar daga sirinjin da ke hannunsa.

A kan raunin zahiri, babban sauyi ya zo ne daga magungunan gusar da zafi. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, duk tiyatar da za a yi wa doki sai an kayar da shi da igiyoyi da mari na fata, mutane da yawa sun danne shi, ana yanka yana fizga, kuma a wannan fizga ne ake karya ƙafafu da haƙarƙarin masu riƙo. An fara gwada magungunan sa barci na ita da kuloroform a kan dabbobi a 1847, amma likitoci da yawa sun daɗe suna ganin ɓata lokaci ne da kuɗi, har sai da majalisar Birtaniya ta yi doka a 1919 da ta wajabta gusar da zafi a wasu ayyukan tiyata. Tausayin dabba ne ya haifar da dokar, amma dabbar da ba ta jin zafi ba ta harbi, don haka masu riƙo suka amfana. A 1962 kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa maganin zailazin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Rompun, mai kwantar da dabba cikin mintuna kaɗan, kuma shanu suna jin sa ƙwarai, har kimanin kashi ɗaya bisa goma na ma'aunin doki yakan ishe su. Wannan magani ya sauya aikin daji, domin abin da yake buƙatar ƙarti shida a da, yanzu mutum biyu sun isa. Sai dai dokin da aka yi wa shi, ko da ya sunkuyar da kai kamar mai barci, yana iya harbi ba zato, kuma ma'aikatan da suka saba ganinsa a haka su ne suka fi sakin jiki a bayansa, abin da Bahaushe yake cewa sabo turken wawa.

Magungunan kansu sun zo da nasu haɗarin. Itofin, wanda aka samar a Birtaniya a farkon shekarun 1960, ana kuma kayar da giwa da karkanda da shi, ya ninka mofin ƙarfi fiye da sau dubu, kuma ɗan abin da ya rage a bakin allura ya isa ya tsayar da numfashin mutum, shi ya sa ƙa'ida ta hana a taɓa shi sai da mutum na biyu a tsaye, makarinsa kuma yana cikin sirinji. Tilmikosin, maganin ciwon huhun shanu da tumaki, yana bugun zuciyar mutum, ba shi da makari, kuma ya kashe mutanen da suka soki kansu da shi. Rigakafin da aka haɗa da mai, idan ya shiga yatsa, yakan kumbura shi har jini ya daina zagawa in ba a gaggauta tsaga wurin ba, magungunan da ake daidaita haihuwar shanu da su kuma suna iya zubar da cikin mace ma'aikaciya ta hanyar fata kawai. Haka nan na'urar hoton ƙashi, wadda ta shigo sana'ar jim kaɗan bayan gano haskenta a 1895, ta ƙona hannayen likitoci da mataimakan da suke riƙe dabba a ƙarƙashinta, kafin rigar dalma da safar dalma da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a ƙirji su zama dole.

A Arewacin Nijeriya, aikin lafiyar dabbobi na zamani ya fara ne da sashen da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka mayar da cibiyarsa Vom a tsaunin Filato a 1924, inda aka fara sarrafa ruwan rigakafin bushiya. Bushiya ita ce annobar da ta share garken shanu a ƙasar Hausa da Barno da Adamawa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma tun da jangali yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na En'e, ceton shanu ya zama ceton baitulmali. Cutar ba ta kama mutum, saboda haka haɗarin da ke cikin yaƙi da ita na ƙaho ne da kofato da allura. A tsarin farko ana tara shanu a sansani, a yi wa kowace allurar jini mai ɗauke da cutar tare da ruwan kariya, a riƙe garken na wasu kwanaki ana lura da shi, wanda yake nufin kama kowace dabba da hannu fiye da sau ɗaya. Shanun yankin kuma ba irin na Turai ba ne da suka saba da ɗaki: Bunaji da Rahaji masu dogayen ƙahoni ne, Kuri na Tafkin Chadi nasu ƙahonin kauri gare su, kuma dukkansu muryar mai su kaɗai suka sani, baƙon mutum da baƙon wari suna firgita su. Likitocin Turawa 'yan ƙalilan ne a duk faɗin yankin, don haka malaman dabbobi na En'e da masu allura da leburori da 'ya'yan makiyaya su ne suke shiga tsakanin shanun.

Abin da ya fi kare waɗannan mutane shi ne shingen allura, wato matsattsen layi da ake kafawa da itatuwa masu kauri ko bututun ƙarfe, mai faɗi a baki yana tsukewa a gaba, har ya zama saniya ɗaya ce kawai za ta iya bi, ba ta da wurin juyawa ko kai suka, mai allura kuma yana tsaye daga waje. An yawaita shi ne saboda sauri, musamman a gangamin haɗin gwiwa da aka sani da JP15, wanda aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi huɗu, Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ya kuma ƙare a 1976 bayan ya game ƙasashe 22, inda aka yi wa shanu kimanin miliyan 70 allura, ana huda musu kunne alamar an yi. Ba zai yiwu a kayar da wannan adadi da igiya ba, kuma shingen da ya hanzarta aikin shi ne ya raba ƙirjin ma'aikaci da ƙaho. Amma shingen yana da sharaɗi: idan gara ta ci itacensa, ko aka cusa shanu fiye da kima, ko ma'aikaci ya zura hannu tsakanin sanda da jikin dabba, yakan zama sanadin karaya. Bayan gangamin ya ƙare, an bar shingaye da dama sun lalace tare da raguwar allurar, bushiya ta dawo da ƙarfi a 1983, aka sake ɗaura ɗamara da gangamin nahiyar Afirka na 1986, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011. Littattafan wannan nasara cike suke da adadin shanu da sunayen masana irin su Walter Plowright, wanda ya samar da rigakafin da aka yi aikin da shi, kuma sun cancanci yabon. Amma mutanen da suka riƙe igiya suka tura shanu cikin shinge a rana da ƙura ba su sami irin wannan kulawa ba, a rubuce ko a aikace, kuma wannan giɓi ne da ya kamata masu tarihin sana'ar su ji nauyinsa.

Sababbin cututtuka ne suka tilasta rubuta ƙa'idojin kariya a tsare. Zazzaɓin Kwarin Rift, wanda aka fara bayyanawa a Kenya a 1931 bayan ya hallaka tumaki kusa da Tafkin Naibasha, ya kama masu binciken da suka feɗe mushen, kuma a Afirka ta Kudu a 1951 rashin lafiyar mutanen da suka feɗe wani bijimi ne ya sa aka gane cutar ta shigo ƙasar; ta kuma ɓarke a jihar Tawa ta Nijar a 2016 a tsakanin makiyaya. A Ostireliya, ƙwayar Hendra, wadda take fitowa daga jemagu ta bi ta doki, ta bayyana a 1994, ta kama mutum bakwai, huɗu suka rasu, biyu daga cikinsu likitocin dabbobi ne a 2008 da 2009, kuma a can ma rigakafin dawaki da aka fitar a 2012 shi ne ya zama babbar garkuwar mutane. A Holan murar tsuntsaye ta kashe wani likitan dabbobi a 2003 bayan ya ziyarci gonar kaji, kuma a wannan shekarar ce ƙyandar biri ta shiga Amurka ta hanyar ɓeraye da aka kai daga Ghana, ta kama ma'aikatan asibitocin dabbobi a cikin waɗanda ta kama. Wannan ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi masu kula da lafiyar jama'a ta jihohin Amurka ta wallafa kundin matakan kariya a 2008, wanda ya tattara abubuwan da aka daɗe da sani amma ba a lazimta ba: wanke hannu, safar hannu, rufe ido da hanci, hana mayar da murfin allura da hannu biyu, da ajiye allurar da aka gama da ita a mazubi mai tauri. A Nijeriya, ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 ce ta sa jama'a da dama suka fara ganin ma'aikatan dabbobi cikin fararen rigunan kariya daga kai har ƙafa.

Ƙidayar raunuka ta zo daga baya ƙwarai, kuma abin da ta nuna ya girgiza masu sana'ar. Wani nazari da aka wallafa a 2005 daga bayanan inshorar haɗari ta Jamus ya gano cewa ma'aikatan asibitocin dabbobi sun kusa ninka na asibitocin mutane sau uku wajen samun haɗari a bakin aiki, kuma kimanin kashi biyu bisa uku na raunukan daga cizo ne da yakushi da shuri. Ƙungiyar likitocin dawaki ta Birtaniya ta fitar da nata sakamakon a 2014, inda ta nuna cewa likitan doki zai iya samun rauni bakwai zuwa takwas masu hana aiki a cikin shekara 30, kuma harbin ƙafar baya shi ne kan gaba. Hatta cizon kyanwa, wanda ake rainawa, an gane cewa siririn haƙorinta yana kai ƙwayar cuta cikin gaɓar yatsa, ramin ya rufe a kanta. Ta fuskar doka, Amurka ta yi dokar lafiya da kariyar ma'aikata a 1970, Birtaniya a 1974, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta zartar da yarjejeniya mai lamba 155 a 1981, kuma dukkansu sun ɗora nauyin farko a kan mai ɗaukar aiki. Tsarin da masana suka amince da shi a yau yana fara ne da kawar da haɗarin in zai yiwu, sai raba mutum da shi ta hanyar gini ko na'ura, sai tsara aiki da horo, sannan kayan sawa su zo a ƙarshe. Ayyukan Temple Grandin ta Amurka sun ƙara wa wannan ƙarfi, domin ta nuna cewa shinge mai lanƙwasa da bango a rufe, da rage ihu da duka, suna sa shanu tafiya da kansu, ilimin da makiyayi mai kiran shanunsa da suna ya riga ya san asalinsa.

A Nijeriya akwai Majalisar Likitocin Dabbobi tun 1952, akwai tsangayoyin koyar da sana'ar a Ibadan da Zariya tun shekarun 1960, kuma dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF take kula da shi, domin biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a sanadin aikinsa. Matsalar ita ce, tun bayan tsuke bakin aljihun gwamnati a ƙarshen shekarun 1980, babban kaso na aikin ya koma hannun masu zaman kansu da mataimakan ƙauye da masu shagunan magani a kara, waɗanda ba su da wani mai ɗaukar aiki da zai biya musu, kuma su ne suke kayar da sa a ruga da ciro mabiyiya da hannu tsirara. Wajibi ne Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, da ma'aikatun jihohi su gyara shingayen allura a kasuwannin shanu da wuraren shayarwa, su yi wa duk mai taɓa karnuka rigakafin ciwon hauka kafin a tura shi gangami, su sa gwajin bakkale a cikin binciken ma'aikacin da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, su kuma buɗe rajistar raunuka a kowane asibitin dabbobi da mayanka, wadda za a rubuta sunan lebura da ɗan makiyayi a cikinta kamar yadda za a rubuta na likita.